Ina awannin sashen kwamfuta na jami'a suke tafiya?

Duk wanda ya taɓa riƙe sashen kwamfuta na jami'a ya sha jin wannan tambaya a ɗakin taro: "Wai ku mutum nawa ne a can, kuma me kuke yi?" Mai tambayar ba lallai yana da mugun nufi ba. Wataƙila shugaban tsangaya ne da ya nemi a gina masa shafin karɓar takardun masu neman digiri na biyu tun bara, har yau shiru. Ko magatakardan jami'a ne da aka yi wa alƙawarin sabon tsarin fitar da sakamakon jarrabawa kafin ƙarshen zango. Iyakar abin da suka sani shi ne akwai ma'aikata, ana biyan su albashi, aikinsu kuma bai fito ba. Shi kuwa shugaban sashen ya san mutanensa ba sa zama, wasu ma har tsakar dare ana tashin su, amma da an ce ya kawo hujja sai ya kama inda-inda, domin ba shi da ita a rubuce.

Wannan tsaka mai wuya ce ta sa sassan kwamfuta suka rungumi abubuwa biyu. Na farko shi ne kundin ayyuka, wato a tattara duk ayyukan da aka ɗora wa sashen a jeri guda, a riƙa duban su tare, ana yanke wanda zai gabata da wanda zai jira. Na biyu shi ne lissafin lokaci, wato kowane ma'aikaci ya riƙa rubuta inda awanninsa suka tafi. A baki babu wuya. A aikace kuwa, na farkon yakan koma doguwar takardar da ba mai karantawa, na biyun ya koma abin da ma'aikata suka fi tsana a mako.

Tunanin kundin daga kasuwar hannun jari aka aro shi. A 1952 Harry Markowitz ya nuna cewa mai zuba jari bai kamata ya auna kowane hannun jari shi kaɗai ba, sai dai ya auna yadda tarinsu gaba ɗaya yake haɗa riba da haɗari, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1990. A 1981 Warren McFarlan na jami'ar Harvard ya ɗauko wannan tunani ya ɗora a kan ayyukan kwamfuta: kowane aiki na iya zama mai kyau in an dube shi shi kaɗai, amma in aka tara manyan ayyuka masu haɗari da yawa a lokaci ɗaya, hukumar ta jefa kanta cikin rami. Sai dai akwai wurin da aron ya gaza. Kuɗi suna rabuwa yadda aka so, ana iya cire su daga nan a mayar can cikin minti ɗaya. Mutum ba haka yake ba. Wadda ta ƙware a kan rumbun bayanan ɗalibai ba za ta wayi gari ta zama injiniyar hanyar sadarwa ba don kawai kwamiti ya sauya ra'ayi. Jarin sashen kwamfuta lokacin wasu mutane ne ƙalilan masu sunaye, kuma a nan ne lissafin lokaci ya zama dole.

Bari mu buga lissafi na misali. Mako 52 sau awa 40 ya ba da awa 2,080 a shekara. A cire hutun shekara da ranakun hutun gwamnati da rashin lafiya da kwasa-kwasai, a ce mako takwas, saura awa 1,760. Sashe mai mutum goma ke nan yana da awa 17,600. Yanzu a ce kashi bakwai cikin goma na tafiya ne a kan aikin yau da kullum: ɗalibin da ya manta kalmar sirri, majigin aji da ya ƙi kunnuwa, intanet na ɗakin kwanan ɗalibai da ya yanke, facin tsaro da dole a saka wa sabobi (manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai da manhajoji), kwafin ajiya da sai an duba ko ya yi. Abin da ya rage wa sababbin ayyuka awa 5,280 ne, daidai da aikin mutum uku cur. In kwamiti ya amince da ayyuka 25 a wannan shekara, kowane aiki ya tashi da awa 211, kusan mako biyar na mutum ɗaya. Wanda ya san abin da ake nufi da sauya manhajar rajistar ɗalibai zai yi dariya. Amma kwamitin da ya sa hannu mutum goma yake gani a zuciyarsa, ba uku ba.

Aikin yau da kullum shi ne ɓoyayyen da ke cinye sashen, kuma halinsa shi ne ba a ganin sa sai ranar da ba a yi shi ba. Ba wanda zai buga waya ya yi godiya don imel ya yi aiki jiya. Abin da ya fi wannan muni, kowane sabon aiki da aka kammala yana ƙara masa nauyi. In aka kafa manhajar Moodle ko Canvas don koyarwa ta intanet, an gama aikin kafawa, amma an haifi ɗawainiyar da ba ta ƙarewa: sabuntawa, buɗe kwasa-kwasai kowane zango, amsa koken malamai. Sashen da ya kammala ayyuka goma bana bai kuma kashe tsohon tsari ko ɗaya ba, baɗi lokacinsa na sabon aiki zai ragu ko da ba a rage masa ma'aikaci ba. Kamfanin Google ya fahimci haka har ya sa wa injiniyoyinsa masu kula da tsayuwar manhajoji iyaka, cewa aikin hannu mai maimaituwa kada ya wuce rabin lokacinsu. Irin wannan iyaka ba ta sawuwa sai ana auna lokacin.

Sannan akwai ayyukan da ba wanda ya zaɓe su. Da Microsoft ta ce za ta daina tallafa wa Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025, duk jami'ar da ke da dubban kwamfutoci a ofisoshi da ɗakunan gwaji ta samu aikin da ba ta nema ba. Haka dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Mayun 2018 ta yi wa jami'o'in can. A Maris 2020 kuwa, da annobar korona ta rufe azuzuwa, jami'o'i da dama sun mayar da koyarwa kan intanet cikin 'yan makonni, duk wani jadawalin da aka tsara a farkon shekara ya tashi a banza. Kundin da aka cika maƙil ba shi da wurin saka irin waɗannan.

Jami'a kuma tana da nata hali da ya bambanta ta da kamfani. A 1972 masana uku, Michael Cohen da James March da Johan Olsen, sun yi nazarin yadda ake yanke shawara a jami'o'i, suka kira su hargitsi mai tsari: manufofi ba a fayyace suke ba, masu halartar taro yau ba su ne na gobe ba, shawara kuma sau da yawa tana fitowa ne daga wanda ya samu zuwa. A kamfani akwai ma'auni guda da kowa ya yarda da shi, wato riba. A jami'a wa zai ce rumbun ajiyar bayanan binciken masana kimiyya ya fi tsarin biyan albashi muhimmanci, ko tsarin ɗakin karatu ya fi na asibitin koyarwa? Kowace tsangaya ƙaramar masarauta ce. Farfesan da ya samo tallafin bincike da guminsa yana ganin ba wanda ya isa ya sa shi a layi, kuma in an matsa masa zai sayi tasa sabar ya ajiye a ƙarƙashin tebur, bayan shekara biyu ɗalibin da ke kula da ita ya kammala ya tafi, ta dawo wuyan sashen kwamfuta. Ga kuma kalanda. Lokacin rajista ba a taɓa komai, lokacin jarrabawa ba a taɓa komai, ƙarshen shekarar kuɗi ofishin ma'aji ba ya son ko da tari. Tagar da ta rage don manyan sauye-sauye ita ce dogon hutu, lokacin da ma'aikatan sashen su ma suke son tafiya nasu hutun.

A irin wannan gida, in babu jeri guda da kowa ke gani, mai babbar murya ne ke cin layi. Aiki na shigowa ta waya, ta saƙon WhatsApp, ta gaisuwa a bakin ƙofar ofis: "Ranka ya daɗe, ɗan ƙaramin abu ne, ba zai ɗauke ku kwana biyu ba." Shugaban sashe kuwa ba ya iya cewa a'a ga wanda ya girme shi a muƙami, sai ya ce to. Kowane "to" kuma jinkiri ne ga wani aikin da aka riga aka ce wa to.

A nan ne nake ganin mutane da yawa suke kuskuren fahimtar amfanin kundin. Suna ɗaukar sa wurin jera ayyuka da launuka, kore da ɗorawa da ja, don a nuna wa shugabanni. Babban aikinsa shi ne hana fara abin da ba za a iya gamawa ba. Akwai wata ƙa'idar lissafi da John Little ya tabbatar a 1961, mai sauƙi ƙwarai: matsakaicin lokacin da abu ke ɗauka a cikin tsari daidai yake da yawan abubuwan da ke ciki a raba da saurin fitarsu. In sashe na kammala aiki 12 a shekara, yana kuma da 36 a buɗe, kowane aiki zai ɗauki shekara uku a matsakaici. In ya rage na buɗen zuwa shida, da ma'aikatan nan dai da ƙoƙarin nan dai, wata shida ne. Yawan abin da ake gamawa a shekara bai sauya ba a lissafin, amma mai jiran aikinsa ya san ranar da za a fara masa, kuma da an fara ba a daɗewa. A zahiri ma yawan yakan ƙaru, domin mutumin da ke tsalle tsakanin ayyuka biyar yana ɓatar da lokaci mai yawa wajen tuno inda ya tsaya. Wannan shi ne tushen allon kanban da aka gada daga masana'antar motocin Toyota: a ƙayyade yawan aikin da ke hannu, kada a jawo sabo sai wani ya fita.

Lissafin layi yana da wani darasi da shugabanni ba sa son ji. A samfuri mafi sauƙi, inda buƙatu ke zuwa ba tsari, in ma'aikaci na cikin aiki kashi 50 na lokacinsa, sabuwar buƙata za ta jira kwatankwacin tsawon aikin kanta. In ya kai kashi 80, jiran ya ninka sau huɗu. A kashi 90 sau tara, a kashi 95 sau goma sha tara. Wato shugaban da ya dubi takardar awanni ya ga gurbi, ya yi maza ya cike shi don kada a ce wani na zaune, da hannunsa ya tsawaita layin. Wancan gurbin shi ne abin da ke ba sashen damar amsa kira in sabar rajista ta faɗi da safiyar ranar farko.

Ƙarin ma'aikata ma ba kullum yake ceto ba. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma Frederick Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya rubuta a 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Sababbi sai an koya musu, masu koyarwar kuma su ne waɗanda ake buƙata a kan aikin. Hanyoyin magana tsakanin mutum biyar goma ne, tsakanin mutum goma arba'in da biyar.

To sai mu zo kan takardar awannin kanta, inda rigimar take. Ma'aikacin da aka ce ya riƙa rubuta lokacinsa abu ɗaya yake fara ji: ba a yarda da ni ba. Kuma sau da yawa yana da gaskiya, domin yadda ake gabatar da abin ke nan. A jami'a zafin ya fi yawa, don ma'aikacin kwamfuta yana kallon malamai suna shiga suna fita ba wanda ke tambayar su minti nawa suka yi a kan me, alhali wasu daga cikinsu ne a kwamitin da ya ce a auna shi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Matsalar ta wuce ɓacin rai, ta shafi ingancin lambobin. Masanin tattalin arzikin Birtaniya Charles Goodhart ya lura a 1975 cewa duk ma'aunin da aka mayar abin da ake hukunci da shi yakan daina auna gaskiya. In aka ce dole kowa ya cika awa 40 a takarda, kowa zai cika 40, ko ya yi 30 ko ya yi 55. In aka yaba wa wanda ya fi zuba awanni a kan manyan ayyuka, awar da aka ɓatar wajen gyara firintar ofishin shugaban jami'a za ta koma ƙarƙashin babban aiki a ɓoye. In aka tuhumi wanda ya wuce ƙiyasi, zai daina rubuta abin da ya wuce. Bayan wata shida sai a samu rahoto mai kyan gani, ƙiyasi da aiki sun yi daidai kamar an auna da ma'auni, kuma ba abin da ke cikinsa da za a iya dogara da shi. An yi gudun gara an faɗa zago: da ba a da bayani, yanzu ana da na ƙarya mai hatimi.

Shi ya sa a ganina tambayar farko kafin a sayi wata manhajar bibiyar ayyuka da lokaci, Jira ce ko ServiceNow ko TeamDynamix da jami'o'in Amurka da dama ke amfani da ita, ita ce: wace shawara za a yanke da waɗannan lambobi? In amsar ita ce a san kason da aikin yau da kullum ke ci, da kason da ya rage wa sababbin ayyuka, da irin mutanen da aka yi wa lodi fiye da ƙima, to ba a buƙatar ƙididdigar minti goma sha biyar-biyar. Rabin yini ya isa. Rukuni biyar ko shida sun isa, maimakon lambobi tamanin da mutum zai yi ta laluba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma kimar da aka rubuta da gaskiya kowace yamma ta fi ƙididdigar da aka ƙago a ƙarshen mako daga abin da ƙwaƙwalwa ta iya tunowa. Wasu sassan ma ba sa yin sa duk shekara, sukan ɗauki makonni kaɗan a lokuta daban-daban, ɗaya a lokacin rajista, ɗaya a tsakiyar zango, ɗaya a hutu, su samu hoton da suke buƙata su huta.

Akwai wuraren da ba makawa sai an yi ƙididdiga dalla-dalla. In tallafin bincike ne ke biyan albashin wani injiniya, masu ba da tallafin za su nemi shaidar lokacin da ya ba aikin. In sashen yana cajin tsangayoyi kuɗin hidima, dole a san awannin. A Turai kuma kotun Tarayyar ta yanke a Mayun 2019 cewa wajibi ne ƙasashe su tilasta wa masu ɗaukar aiki su kafa hanyar rubuta lokacin aikin kowace rana, don kare ma'aikaci daga wuce ƙa'ida. Waɗannan buƙatu ne daban, kuma cakuɗa su da lissafin tsara ayyuka a takarda ɗaya yana daga abin da ke ɓata duka biyun.

Wani amfani da ba a cika ambata ba shi ne gyaran ƙiyasi. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana a 1979 yadda ɗan Adam ke raina tsawon lokacin da aikinsa zai ci, ko da ya sha yin irinsa ya makara. Maganin da suka nuna shi ne mutum ya daina kallon aikin daga ciki, ya duba nawa makamantansa suka ci a baya. A 2011 Bent Flyvbjerg da Alexander Budzier sun duba ayyukan kwamfuta 1,471, suka tarar matsakaicin wuce kasafi kashi 27 cikin ɗari ne, abin da za a iya jurewa, amma ɗaya cikin kowane shida ya wuce kasafinsa da kusan kashi 200, lokacinsa kuma da kusan kashi 70. Sashen da ke da tarihin awanninsa na shekara uku zai iya cewa: haɗa manhaja da rumbun bayanan ɗalibai mun yi shi sau huɗu, ba mu taɓa gama shi a ƙasa da kaza ba. Wannan magana ta fi ƙarfin "ina ganin zai yi wuya" a gaban kwamiti.

Lambobin sukan kuma tona abin da kowa ya sani amma ba a faɗa. Kusan kowane sashe yana da mutum ɗaya ko biyu da komai ke bi ta kansu, wanda shi kaɗai ya san yadda tsohon tsarin shiga da kalmar sirri yake haɗe da sauran. A jadawali za a ga ayyuka takwas suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da nasa jagora. A takardar awanni za a ga shida daga ciki suna jiran mutum guda, wanda rabin ranarsa ke tafiya a amsa kiran gaggawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an nuna wa mai gyaran rufi wurin. Abin yi a nan shi ne a janye mutumin daga amsa kira, a haɗa shi da wanda zai koya, a kuma jera ayyukan bisa lokacinsa shi, ba bisa jimillar awannin sashen ba.

Saura wa zai riƙe alƙalamin zaɓi. Kuskure ne a bar wa sashen kwamfuta, domin duk wanda aka jinkirta zai ɗauke shi gaba da su. Kwamitin da ya ƙunshi magatakarda da ma'aji da shugaban ɗakin karatu da wakilan tsangayoyi shi ya kamata ya zauna sau uku ko huɗu a shekara, da jerin a gabansa da adadin awannin da suka rage a ƙasan shafi. Wasu sukan ba kowane aiki maki bisa amfani da haɗari da tsada. Ba laifi, yana taimakawa wajen buɗe magana, amma na fi yarda da tsari mafi tsauri: a jera su daga ɗaya zuwa ƙarshe, ba biyu a matsayi ɗaya, a ja layi inda awanni suka ƙare. In aka bar rukunin "mafi muhimmanci" a buɗe, ba za a tashi taron ba sai rabin ayyukan sun shige cikinsa.

Mafi wuyar abin da irin wannan kwamiti zai yi shi ne dakatar da aikin da aka riga aka fara. An kashe masa kuɗi, an yi bikin ƙaddamarwa, sunan wani babba na jikinsa, don haka ba a kashe shi, sai a bar shi yana numfashi sama-sama, yana cin awa biyar a wannan mako, uku a wancan, yana riƙe da gurbi a jeri. Takardar awanni ce kaɗai ke nuna irin waɗannan, domin rahoton jagoransu kullum kore yake, wato komai lafiya. Ranar da wani shugaban tsangaya ya shigo da sabuwar buƙata a tsakiyar shekara, shugaban sashen kwamfuta zai tura masa jerin ya ce: "Ranka ya daɗe, za mu yi. Ga shidan da ke hannunmu. Wanne kwamiti zai ajiye?" Sau da yawa wanda ake ajiyewa shi ne wancan mai numfashi sama-sama, kuma mai shi ba ya ko ɗaga waya ya tambaya.